Ƙwaryar Neman Ulpiano

Teku yakan riƙe gawa kwana biyu ko uku, sa'an nan ya gaji da ita ya turo ta bakin laka. Haka aka saba a wannan lungu. Ulpiano kuwa ya kusa mako a ƙarƙashin ruwa, teku bai gaji da shi ba.

Kwalekwalensa kaɗai aka tsinta, yana yawo a tsakiyar mashigi, ba ko tsaga a jikinsa. Filafilinsa na ciki, da takalman robarsa a jere kamar na wanda zai shiga ɗaki, da ƙullin dafaffen agade da bai taɓa ba. Wuƙarsa ce babu. Tarunsa ma babu, ko a cikin jirgin ko a kan sandar da yakan shanya shi a bayan gida. Kowa ya ga sandar ba komai a kanta, amma ba wanda ya ɗaga zancen. Lokacin bayena ne, manyan dabbobin teku masu kama da kifi, kuma garin ya daɗe da yanke shawara cewa ba mai shimfiɗa dogon taru a mashigi daga zuwansu har tafiyarsu. Sai dai ba a tuhumar mamaci, balle wanda ko gawarsa ba a gani ba.

Bayena kan zo da tsakiyar shekara, daga can ruwan ƙanƙara, su cika lungun tekun su haihu inda yake da ɗumi. Uwa ɗaya ta fi jirgin haya na birnin Buenaventura tsawo, jaririnta kuwa ranar haihuwarsa ya kai kwalekwalen mutum huɗu. Daga ƙofar gida ana hango feshinsu. In ruwa ya cika ya shigo ƙarƙashin gidaje, kukansu yakan biyo dirkoki ya hau katakon daɓe, mutum ya ji shi a tafin ƙafa kafin ya ji a kunne. Baudilia, yayar Ulpiano, cikin wannan kuka aka haife ta, cikinsa ta yi aure, cikinsa ta binne miji, bai taɓa hana ta komai ba. Bana ne ta fara jin wata murya ɗaya a ciki, ƙasa-ƙasa, tana ja tana katsewa, irin nishin da ƙanenta yake yi tun yana yaro in zazzaɓi ya kama shi.

Ita ce ke ja wa matan garin waƙar mamata, kamar yadda uwarsu Saturnina ta yi kafin ta. A daren tara, wato dare na tara da mutuwa, ake sallamar mamaci: a kwana ana waƙa, da asuba a kira sunansa a ce masa ya tafi. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Abin da Saturnina ta koya mata game da wanda ruwa ya ci shi ne, kurwarsa ba ta barin gawarsa. Sai an ɗauko gawar an shigar da ita ƙarƙashin rufi, kurwar take biyowa ta ji abin da ake faɗa mata. In aka yi waƙar a ɗakin da ba ya ciki, bango aka sallama, an kuma ɓarar da damar. In kuma daren ya wuce ba a yi ba, shi ke nan, ya zauna inda yake. Don haka Baudilia ta ce ba za ta buɗe baki ba sai an kawo mata ƙanenta.

An shirya tebur a ɗakin Ulpiano, da farin ƙyalle da kyandirori da tambulan na ruwa don mamacin ya sha. Kullum da yamma mata sukan taru su yi addu'a, a sha kofi, a ɗan zaga da giyar rake. In aka zo wurin waƙa sai idanu su koma kan Baudilia, ita kuma ta dubi katakon daɓe.

Domitila, matar Ulpiano, ba 'yar garin ba ce. Daga can saman kogi ya auro ta, kuma ba ta taɓa sabawa da teku ba. Tun ranar da abin ya faru ba ta yi barcin kirki ba. Ta ce tana jin wani abu na gogar dirkar da ke ƙarƙashin gadonta. Ita dai so take a yi a gama, ta tattara ta koma wurin danginta inda ƙasa take tsaye wuri ɗaya. Ta tare Baudilia a kan gadar katako, a gaban mata masu wanke kawar da suka tono a laka.

"Yaya, bara da mashayin garin nan ya mutu, kin yi masa waƙa har muryarki ta dishe. Ƙanenki ne za ki zauna masa kamar turmi?"

"Mashayin yana kwance a gabana. Kawo mini Ulpiano ki gani."

"In kawo shi daga ina? A zanena na ƙulle shi?"

Baudilia ta rage murya ta tambaye ta ko da taru ya fita ran nan.

"Ni matarsa ce, ba mai gadinsa ba," in ji Domitila, ta juya ta tafi. Masu wanke kawa suka ci gaba da wanki kamar ba su ji ba.

Maza sun riga sun gama lalube duk rafukan kurmin bakin ruwa, inda teku ya saba ajiye abin da ya ɗauka. Sun samo kututture, da mataccen kare, da jarkoki. Sai Baudilia ta hau ta sauko da ƙwaryar uwarsu daga rufin ɗaki. Tana yarinya ta ga an yi sau ɗaya: aka dasa kyandir a tsakiyar ƙwarya, aka kunna, aka sake ta a inda mutumin ya nutse, ta yi ta tafiya har ta tsaya a kan gawarsa. Ba ta taɓa yi da hannunta ba, amma ba wani abu ba ne mai wuya. Wuyar ita ce samun lokacin da sama za ta ɗauke, a garin da ruwa ke zuba kusan kullum.

Ta aika aka kira Otoniel. Shi ne ya riƙe ɗanta na fari ranar baftisma, tun daga nan yake ce mata komadre tana ce masa kompadre, ba ya iya ce mata a'a kai tsaye, sai dai ya yi ta zagaye. Shi ne kuma mai nutso na garin, mai kwance ankar jirgi in ta maƙale, har kunnensa ɗaya ya mutu a wannan sana'a. Ya zo yana tauna rake, ya dubi ƙwaryar, ya ce shi ya ɗauka miya aka kira shi sha.

Da hantsi sama ta ɗauke. Suka fita su biyu, shi yana tuƙi. A inda aka tsinci kwalekwalen Baudilia ta ɗiga narkakken kyandir a gindin ƙwaryar ta dasa sabo, ta lanƙwasa ganyen agade ta yi masa rumfa, ta kunna, ta kira sunan ƙanenta da na uwarsu, ta sake ta a ruwa.

Ƙwaryar ta ɗan yi jim tana juyi. Sa'an nan ta kama hanya, ba wajen kurmi ba, wajen Bakin Dutse, tsaunin da ke tsaye a ƙofar mashigi inda lungun yake buɗewa cikin babban teku. Suka bi ta a hankali. Kwasakwasai na faɗawa ruwa a gefensu, can nesa jirgin masu kallon bayena ya wuce da baƙi sanye da jajayen riguna, suna bin wata uwa da ɗanta. Otoniel ya daina tauna rake. Kyandir bai mutu ba.

A gindin tsaunin ƙwaryar ta tsaya, tana juyi a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta da zare daga ƙasa. Ruwan wurin ya kwanta lamo, da maiƙo a samansa, faɗin fili ɗaya, alhali ko'ina kewaye yana motsi. Wari kuma yana tasowa, ba mai ƙarfi ba, amma duk wanda ya taɓa wanke gawar da ta kwana ya san shi. Baudilia ta yi alamar gicciye.

Sai ruwa ya tsage a gefensu, bai fi jifan dutse ba. Baƙin doro ya fito, ya yi huci mai tsawo, feshin ya sauko musu a fuska da ƙarnin kifi. Bayena ce babba, ita kaɗai. Ba ta nutse ba, ba ta wuce ba; ta kwanta a saman ruwa kamar tsibiri. Ta cikin katakon kwalekwale Baudilia ta ji nishin nan ya hau ƙafafunta, kusa ƙwarai, har haƙoranta suka ɗauka.

Otoniel ya ce masu jiragen kallo sun yi kwanaki suna zancen wannan, wai ta kafa a nan ba ta zuwa ko'ina, ba ta tsalle, ba ta wasa, baƙi ma sun gaji da ita. Baudilia ta ce ba zancen baƙi ya kawo ta ba, ya cire riga.

"Komadre, kin ga matar nan kuwa? In ta yi atishawa ina ƙasa, gobe ni za ki yi wa waƙa."

"Zan yi maka mai daɗi."

"Na sani. Shi ne abin da ke ba ni tsoro, kin daɗe kina jira."

Amma ba wasa yake ba. Ya nuna mata alamar ruwa a jikin dutsen, ya ce a wannan cika ko ƙasa ba zai taɓa ba balle ya ɗauko mutum. Sai ranar babbar janyewa, lokacin da ruwan zai ragu da tsayin mutum biyu. Baudilia ta lissafa da wata. Ranar ta faɗa daidai kan ranar tara.

Washegari ta sake fita da ƙwaryar, don kada a ce iska ce. Ta sake ta daga wani gefe daban. Ƙwaryar ta yi doguwar tafiya, ta zo ta tsaya a wuri guda, bayenar kuma tana nan. Daga nan ba wanda ya ƙara musu. Kafinta ya haɗa akwati da katakon da yake ajiye don ƙofa. Aka haƙa kabari a kan tudu, aka rufe shi da kwano don kada ruwan sama ya cika shi. Domitila ta wanke fararen kayan Ulpiano ta goge, ta daina zancen tafiya. A waɗannan kwanaki Baudilia takan zauna ƙafa ba takalmi a daɓen ɗakinta in ruwa ya cika, ta saurari muryar, ta ce masa a zuci ya ƙara haƙuri, an san inda yake.

Ranar tara kusan duk garin ya fito. Kwalekwale ya fi ashirin, ba wanda ya tayar da inji. Mata sun ɗaura farin kallabi. Akwatin na cikin babban jirgin kafinta, da farin mayafi a naɗe a kansa, Baudilia da Domitila suna zaune a gefensa. Sama ta yi toka-toka amma ba ta zubo ba. Ruwa ya janye har gindin tsaunin ya fito da gansakuka da ƙananan kaguwa. Bayenar tana nan, ta ɗan matsa waje, tana huci jefi-jefi.

Otoniel ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba maza biyu su riƙe, ya tofa yawu a gilashin nutso ya goge. Ya ce wa kafinta in bai fito ba kada a sa shi a wannan akwati, ya yi masa gajarta. Ba wanda ya yi dariya. Ya ja numfashi ya kife.

Bai daɗe ba ya fito, ya jefa wani abu cikin jirgi. Guntun igiyar taru ce, da 'yan robobin da ke sa ta iyo, waɗanda aka yanka daga tsofaffin silifa. Mutum ɗaya ne a garin yake yanka su murabba'i. Domitila ta ɗauka ta juya, ta ajiye a cinyarta. A sauran jiragen maza suka sunkuyar da kai. Wasu mata suka fara gyara murya.

Nutso na biyu ya daɗe. Masu riƙe da igiya suka dubi juna, ɗaya ya fara ja, sai ga shi ya ɓullo can gefe. Ya iyo ya kama bakin jirgin, ya tura gilashin goshi, ya yi ta haki yana kallon katako. Baudilia ta jira.

"Akwai gawa, komadre," in ji shi. "Amma ba tamu ba ce."

"Ta wa ce?"

Ya nuna bayenar da haɓa. "Ɗanta ne."

Ya faɗi sauran a hankali, ana miƙa maganar daga jirgi zuwa jirgi. Jaririn yana ƙasa naɗe cikin tarun Ulpiano tun daga kai har wutsiya, tarun kuma ya sarƙe a haƙoran dutse, shi ya sa bai taso ba. Kifaye sun fara cinsa. A gefe ɗaya an yanka ragar, yanka mai kyau na wuƙa, daga wajen baki har kusa da fiffike, sa'an nan yankan ya tsaya. Ya zagaya gawar, ya lalubi ƙarƙashinta, ya duba kogon dutse. Ba mutum. Kuma a can ƙasa ruwa na gudu waje kamar kogi. Duk abin da ba a ɗaure yake ba, ya daɗe da fita babban teku.

Baudilia ta dubi ƙasan jirgi. Ƙwaryar tana gefen ƙafarta, da guntun kyandir a ciki. An tambaye ta gawa a ƙarƙashin ruwa, ta nuna gawa a ƙarƙashin ruwa. Saturnina ba ta taɓa cewa ƙwarya na bambance mutum da dabba ba. Ita Baudilia ce ba ta yi tunanin tambaya ba. Kwana biyu aka zauna jiran wata, aka daina nema ko'ina. Kuma wanda take ce wa ya yi haƙuri a daɓen ɗakinta, yanzu ba ta san ko wane ne ba.

Wata tsohuwa a jirgin da ke kusa, Inna Fidelina, wadda ta kusa makancewa, ta ce to ai in jariri ne, jariri ba a yi masa kuka, ganga ake kaɗa masa da tafi, kuma tun da kyandir ya kawo mutane kansa bai kamata a juya masa baya ba.

"Mijina bai samu waƙa ba, kifi ne zai samu?" in ji Domitila. Ba ta ɗaga murya ba. "Inna, so kike in manta da girmanki ne?"

"Mijin naki ne ya kashe mata ɗa, 'yata."

"Shi ne kuma ya shiga kwance shi. Ku da kuka fi shi kirki, wa ya bi shi?"

Kafinta ya fara juya kan jirgi wajen gida, ya ce a koma a yi daren tara yadda ya samu, Allah ya san niyya. Baudilia ta ɗora hannu a kan filafilinsa. Ta juya ga Otoniel, wanda har yanzu yake rataye a bakin jirgi.

"Kompadre, ƙarasa masa aikinsa."

"Ita fa?"

"Da za ta taɓa ka, da ta taɓa."

Ya dube ta, ya dubi bayenar, ya nemi a miƙo masa kwalba. Ya kurɓa, ya ce in ya tsira yau ba zai ƙara riƙe ɗan kowa a coci ba. Aka ba shi wuƙa mai kaifi, ya koma.

Ya yi ta sauka yana tasowa, kowane zuwa leɓensa ya ƙara yin fari. Guntayen raga suka riƙa ɓullowa suna bin ruwa. A na ƙarshe ya fito da sauri ya ce a ja baya, aka janyo shi cikin jirgi kamar buhu. Kumfa ta taso, warin ya bugi kowa, mata suka rufe hanci da bakin kallabi. Sai gawar ta fito a hankali, ciki sama, fari-fari, a kumbure, da zanen raga a duk jikinta.

Uwar ta nutse ba ƙara. Aka ga inuwarta ta wuce ƙarƙashin jirage, doguwa, ba ta ƙarewa. Ta taso daidai ƙarƙashin jaririn, ta ɗaga shi a kan goshinta sama da ruwa, yadda suke yi wa sabon haihuwa don ya ja numfashin farko. Ya zame ya faɗa. Ta sake ɗagawa. Ruwan da ke janyewa ya kwashe su duka biyu, suka fara fita ta ƙofar mashigi, tana turawa yana zamewa.

Baudilia ta bi su da ido, ta ga hanyar da ruwan yake bi, siririya, mai santsi, daga gindin tsauni zuwa fili. Ta nan ƙanenta ya fita. Ba za a kawo shi ƙarƙashin wani rufi ba, yau ko gobe. Ta miƙe tsaye a cikin jirgin, ta dafa akwatin, ta ce a raba jirage gida biyu, rabi dama rabi hagu, a bar hanya a tsakiya.

Kowa ya gane abin da take nufi. A ɗaki, da asubar daren tara, haka mutane suke rabewa su bar hanya daga tebur zuwa ƙofa, kuma ba mai tsayawa a kanta, don ta nan mamaci zai wuce. Amma a ɗaki ake yi, bayan an kwana ana waƙa, da tebur da kyandirori. Kafinta ya ce ba a taɓa yi da rana ba, ba a kuma taɓa yi a kan ruwa ba. Wani ya ce in waƙar ba ta karɓu ba fa, ai ba a sakewa.

"Na sani," in ji Baudilia. "A ɗaki ba ya nan. A nan ma ban ce yana nan ba, amma ya fi kusa. Ruwa na fita yanzu. In kuka tsaya musu zai juyo."

Domitila ce ta fara ɗaukar filafili. Jirage suka rabu, suna gogar juna, har hanya ta buɗe tsakaninsu, ta miƙe zuwa babban teku. Jirgin kafinta ya tsaya a bakin hanyar, inda tebur zai kasance.

Baudilia ta buɗe baki. Muryar ta fito a shaƙe saboda kwanakin da ta yi a rufe, sa'an nan ta washe. Ba ta bi dogayen waƙoƙin dare ba, ta tafi kai tsaye ga ta ƙarshe, wadda ba ganga ba tafi. Ta ja, mata suka amsa daga gefe biyu, amshin hagu yana ɗan makara saboda iska. Daga ƙasa kuma nishin bai tsaya ba, yana shigowa ta katakon kowane jirgi, wani lokaci ya hau kan amshin matan har a rasa wanne ne wanne. Ta kira Ulpiano ɗan Saturnina. Ta ce masa gidansa ba nasa ba ne yanzu, matarsa ba tasa ba ce, tarunsa an kwance, ba abin da ya rage masa a nan. Ta ce ya tashi ya tafi kada ya waiwayo. Domitila ta tsiyaye ruwan sha daga gora a kan teku.

Sa'an nan aka yi shiru, kamar yadda ake yi a ɗaki ana jiran iska ta wuce.

Ba iska. Ruwan hanyar na kwance. Sai jirgin kafinta ya ɗan ɗaga ya sauka. Na gaba da shi, dama da hagu, suka ɗaga suka sauka, sai na gabansu, bi da bi, har na ƙarshe a can bakin fili. Ba doro, ba huci, ba kumfa. A wannan wata lungun cike yake da manyan dabbobi masu wucewa ta ƙasa ba tare da sun nuna kansu ba, kowa ya san haka. Otoniel, wanda yake kwance rub da ciki a bakin jirgi da gilashinsa a fuska, ya tsoma kai a ruwa ya duba. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya cire gilashin ya kife shi a ƙarƙashin benci, ya nemi rigarsa.

"Kompadre," in ji Baudilia.

"Ruwan ya gurɓace, komadre," in ji shi, bai dube ta ba. Ruwan kuwa garau yake.

Jirage suka juya. Dole aka yi ta tuƙi da ƙarfi, don ruwa bai gama fita ba. Sama ta fara yayyafi, kafinta ya ja leda ya rufe akwatin don kada katakon ya lalace. Can baya, a fili, ana hango feshi ɗaya yana tashi yana nisa.

Sun yi rabin hanya Domitila ta matso, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda kafinta ba zai ji ba.

"Yaya, ya tafi?"

"Na sallame shi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Baudilia ta kasa kunne. Nishin yana nan yana hawowa ta katakon jirgi, yana ja yana katsewa, kuma ba ta iya cewa daga waje yake zuwa ko daga cikin lungu. Ta ɗaga ƙafafunta daga ƙasan jirgin ta ɗora su a kan akwatin, ta zauna haka har suka iso gari.